Baƙin Ɗigo a Jar Fata

An wayi gari babu jajayen fatun Baba Marini, kuma kafin rana ta ɗaga unguwa ta gama yanke hukunci cewa ƙanin matata ne ya kwashe su.

Ina zaune a shagon uwargida ina gadin sabulu da ashana ta shigo, mayafinta a karkace. Ba ta yi sallama ba.

"Tashi," in ji ta.

"Lafiya?"

"Sun kulle Auta a ɗakin ajiya. Wai ɓarawo ne. Kai kuma kana nan kana korar ƙuda."

Auta shi ne ƙaramin ɗakinsu. Ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa, amma a wurin yayarsa har yanzu yaro ne da ba a yaye ba. Shi ke tura kurar ɗaukar kaya ta marinar Baba, yana kai fatu yana dawo da fatu, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ni kuwa ana kirana Mai Sawu. A da, in saniya ta ɓata ko an haura katanga, ni ake aika wa. In duƙa, in dubi ƙasa, in ce mutum ne gajere, yana ɗingishi, ga inda ya nufa. Yanzu an shafe rabin gari da siminti, ɓarayi sun koma babur, ni kuma na yi tumbin da ya raba ni da ganin sawun kaina. Duk da haka sunan bai bar ni ba, kamar yadda ake ci gaba da kiran wani Ango alhali har jikoki ya ajiye.

"In aka kai shi wurin 'yan sanda," ta ce tana miƙo mini hulata, "ka nemi wani gidan da za ka riƙa cin abinci."

Na karɓi hular. Mutum ya san lokacin da aka ba shi aiki.

*

Marinar fili ne mai katanga, da manyan tukwane jere a gefe guda, da igiyoyin shanya, da rumfa a tsakiya. Warin jima yana tarbar baƙo tun daga bakin titi. Na tarar da tsakar gidan cike da jama'a, kowa ya zo jaje da ƙafafunsa biyu, sun tattake duk abin da ɓarawo ya bari. Har da wata baiwar Allah da ta ga datti ya yi yawa ta ɗauki tsintsiya.

Babban ɗan Baba ya taro ni. Manaja ake ce masa, domin shi ke riƙe da waya da mu'amala da masu saye, kuma shi kaɗai ne a gidan farcensa fari.

"Mai Sawu, ka zo ceton surukinka ne ko neman kayanmu?"

"In Allah ya so duka biyun. Ina aka ajiye su?"

Ya nuna mini ɗakin. Kwaɗon lafiyarsa ƙalau. Na tambayi inda makulli ke kwana, ya ce a wani ɓoyayyen wuri, bayan ƙofar kicin. Mutum uku daga cikin 'yan kallo suka gyaɗa kai, alamar su ma sun san ɓoyayyen wurin.

Fatun awaki ne, an rina su ja, an shafa musu mai, an ninke. Wata mai ɗinka jakunkuna ce ta ba da aikin, kuma da yamma za ta zo ɗauka. Manaja ya ce Auta ne ya fara shigowa da sassafe, ya fita da kura, ya dawo yana hamma.

"In ta iso babu kaya," in ji shi, "ita da motar 'yan sanda za su haɗu a ƙofar nan. Na gama magana."

Na leƙa ɗakin ajiyar bagaruwa, 'ya'yan itacen da ake jeme fata da su. Auta na zaune a kan buhu, da kwanon abinci a gabansa, har da nama.

"Yaya," ya ce, "wallahi ban taɓa komai ba."

"Wa ya kawo maka wannan?"

"Inna, matar Baba."

"Ɗaurin naka ya fi zaman gidana. Ina ka je da sassafe?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce nan kusa. Na ce kusa da ina? Ya ce kusa dai. Na san Auta tun yana tsere wa wanka, in ya ce kusa dai, akwai abin kunya a ciki.

Baba Marini na zaune a ƙarƙashin rumfa, hannayensa da rini ya daɗe da mayarwa launin goro suna kan gwiwoyinsa. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon wajen kafaɗata.

"Ban taɓa yin jan da ya kai wannan ba," ya ce. "Hannuna ya gaya mini. Amma yaron nan, ban yarda ba. Ka duba da kyau."

Matarsa, Inna, tana bakin kicin tana wanke tukunyar da na ga alamar an riga an wanke. Ita ke shafa wa fatu mai ta ninke su bayan rini, tun kafin a haifi Manaja. Na yi mata jaje, ta ce sai haƙuri, ba ta ɗago ba.

*

Mai shayin bakin titi ne ya ba ni zare na farko. Ya rage murya ya ce jiya da yamma ya ga wani mutum yana raɓe-raɓe a jikin katangar marina, yana waige-waige, yana cusa wani abu a baki.

"Yaya kamarsa?"

"Daga baya na gan shi. Gajere, mai jiki, hularsa ta ga duniya. Tafiyarsa kamar agwagwa."

Na rubuta wannan a zuciyata na yi gaba cike da ƙwarin gwiwa. Sai da na kusa kwanar layi na tuna cewa jiya da yamma na tsaya daidai wurin na cinye alewar da likita ya hana ni, nesa da idon uwargida. Na dawo na biya kuɗin shayi, ban sake tayar da zancen ba.

Ta ƙofar baya na samu ƙasa ta gaske, lungu mai rairayi wanda 'yan jaje ba su gano ba. Nan na duƙa, da taimakon katanga. Ga sawun silifa iri-iri na mutanen gida, ga na kaji, ga kuma taya biyu na kura. Ta hagu tana da faci, duk juyi sai ta buga tambari a ƙasa kamar ma'aikacin gidan waya. Raɓa ta sauka a kan tsofaffin sawaye, wannan kuwa a kan raɓar ya hau. Na safiyar yau ne.

Rabona da jin daɗi irin wannan an daɗe. Na miƙe na bi tambarin, Manaja da jama'a suka biyo ni, ina jin ana cewa ai Mai Sawu bai tsufa ba. Na ƙara gyara tafiya. Sawun ya kai mu wani kango da aka yi wa rufi aka rasa kuɗin ƙofa. A ɗakin farko ga shimfiɗar kwali da jarkar mai da aka mayar matashi. A ɗaki na biyu, a bayan tulin bulo, ga ƙunshi a naɗe cikin tsohon zanin gado, an ɗora shi a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

Manaja ya kwance. Jajayen fatu ne, ninke fuska da fuska, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na bi sawu da ƙwarewa har na kai ƙanin matata bakin ofishin 'yan sanda.

Abin bai tsaya nan ba. Da Manaja ya ware ta farko sai ya yi salati. A jikin jan akwai baƙaƙen ɗigo, kowane kamar ƙwayar wake, a jere layi-layi. Ya ware ta biyu, haka. Fiye da rabinsu haka suke.

"Ƙarfe ne," in ji wani tsohon majemi daga baya. "Ƙarfe ya taɓa su da laima."

Aka koma marina aka jawo kurar Auta tsakar fili. Shimfiɗarta katako ce, kuma kawunan ƙusoshi masu tsatsa suna jere a kanta layi-layi.

Auta ya yi kuka ta tagar ɗakin ajiya. Ya ce shi barci yake zuwa yi a kangon, kullum da safe, kafin a fara aiki, saboda jaririnsu ba ya bari a runtsa. Ɗaki na biyu kuwa bai taɓa leƙawa ba. Wani ya ce to barcin ne ya ɗauki fatun ya kai? Aka yi dariya, ban da ni.

Na roƙi Manaja ya bar ni in yanki bakin ƙafar fata ɗaya, inda ɗigo ya faɗa. Ya ce in yanka, ai sun riga sun lalace.

*

Na shiga gida ta baya don kada uwargida ta gan ni. Labari ya riga ni. Ta leƙo ta ce an gaya mata na yi ƙoƙari ƙwarai, ta ja labule.

'Yata ta fari tana tsakar gida tana duba takardun ɗalibai. Kimiyya take koyarwa a sakandare, mu ma a gida Malama muke ce mata. Na zauna kusa da ita na ajiye guntun fatar a kan tabarma.

"Abba, ka yi abin kirki yau."

"Ke ma? Duba min wannan."

Ta ɗaga, ta shinshina, ta kankara ɗigon da farce. Bai motsa ba.

"Ba zai fita da kankara ba," ta ce. "Ba a sama yake ba. Ka san me ke riƙe launi a jikin fata?"

"Na ɗauka jiƙa ta ake yi ta sha, kamar tsumma."

"Da haka ne da ruwan farko ya wanke shi. Fata zare-zare ce a ciki, siraran da ido ba ya gani. In an jeme ta, baurin bagaruwa ne ke shiga ya kama zaren nan, irin baurin da ke ɗaure maka harshe in ka tauna ɗanye. Shi ya sa ba ta ruɓewa. To baurin nan ka ɗauka yana da hannuwa da yawa. Da wasu ya riƙe fata, wasu kuma suna sake. In aka zuba jan rini, waɗannan sakakkun hannuwan ne ke cafke shi. Riƙo ne, Abba, ba sha ba."

"Ƙarfe fa?"

"Ƙarfe ya fi jan rini farin jini a wurinsu. In fata na da laima ta taɓa ƙusa, ɗan abin da ya narke daga ƙarfen sai ya shiga, hannuwan su rungume shi, haɗuwarsu ce ke zama baƙi. Ai da ruwan tsatsa ake yin baƙin rini ma."

"To kin gama da kawunki. Kurarsa duk ƙusa ce."

Ta juya guntun a hannu. Sai ta ce, "Tambayar ita ce wa ya riga zuwa."

Na ce ta yi mini da Hausa.

"Hannun da ya riƙe ƙarfe ba shi da wurin riƙe ja. In ja ne ya fara zama, ƙarfe ya zo daga baya, to baƙin ya hau kansa ne, jan yana nan a ƙasa. In kuwa ƙarfe ne ya riga, lokacin da jan ya iso ya tarar an cika wurin, sai ya wuce. Tsami yana sa bauri ya saki ƙarfe. Ka cire baƙin ka ga abin da ke ƙarƙashinsa."

Ta shiga kicin ta fito da lemon tsami. Ban bari ta matsa ba. Na ce in gaskiya ce, a gaban mutane nake so ta fito, in kuma ba haka ba ce, gara in ji kunyar gaba ɗaya a huta.

"To ka yi gwaji biyu," in ji ta. "Ka sami wurin da babu ɗigo, ka jiƙa, ka ɗora a kan ƙusar kurar da kanta, ka danne da dutse. Ka ba shi lokaci. In ba ka kwatanta ba, gardama za su yi maka."

Na cika aljihu da lemo. Da zan fita ta ce, "Abba, kada ka ce kai ka gano."

"Me kika ɗauke ni?"

"Abin da Umma ta ɗauke ka."

*

A gaban Manaja da tsohon majemin nan na yanki wani guntu mai tsabta, na jiƙa, na kwantar a kan ƙusar da ta fi kowace tsatsa, na ɗora dutse. Manaja ya tambaya ko tsafi na koma. Na ce tsufa ne, ya yi haƙuri.

Na koma rumfa na zauna da Baba Marini don in kashe lokaci.

"Baba, in fata ta fito daga jima, ina take zuwa kafin tukunyar ja?"

"Tebur," ya ce. "A wanke ta, a shimfiɗa a kan tebur da laimarta, in bi ta da hannu in fitar da ruwa in miƙar da ita. Ta ɗan kwanta, in ɗaga, in sa wata. Sannan rini."

"Ƙarfe ba ya kusa?"

Ya yi dariya. "Ɗana, a gidan nan ko cokali ba ya ratsa rumfar nan. Teburin da turakun itace aka haɗa shi, tun na mahaifina. Wanda ya shigo da zobe ma sai ya cire."

Teburin na bayanmu, dogo, ya yi baƙi da shekaru. An rufe shi da buhunan algarara, an ɗora turmi a kai. Na tambayi dalilin rufewar, ya ce shi bai sa a rufe ba, wataƙila saboda kaji. Na miƙe kamar mai miƙa, na ɗaga gefen buhu, na shafa. Na mayar da buhun yadda yake.

Da na juyo, Inna na tsaye a bakin kicin tana kallona. Wannan karon ni na sunkuyar da kai.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da na ce a fito da Auta. Manaja ya so ya ƙi, Baba ya ce a fito da shi. Aka taru a rumfa: Baba a kujerarsa, Manaja a tsaye da waya a hannu, Inna a gefe, Auta a rakuɓe, tsohon majemi a matsayin shaida. Uwargida ma ta iso ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Sauran jama'a aka tura su waje, suka hau katanga.

Na ɗaga dutsen. Ƙusar kura ta yi aikinta, ga baƙin ɗigo a kan guntun kamar sauran.

"To ka gani," in ji Manaja. "Ka sake kama shi da hannunka."

"Na saba," na ce. "Riƙe min wannan."

Na ajiye guntayen biyu a kan faranti, na yanka lemo, na matsa a kan kowane ɗigo, na goga da tsumma. Na maimaita abin da Malama ta faɗa, na kuma ce ita ta faɗa, saboda uwarta na wurin. Na sake matsawa, na sake gogawa. A hankali baƙin ya fara sakin jiki.

Tsohon majemi ya karɓi farantin ya kai wajen haske. Ya daɗe yana dubawa.

"Na kura," ya ce, "ja ne a ƙasa. Ya ɗan koɗe saboda tsamin, amma ja ne." Ya juya ɗayan. "Wannan kuwa babu ja. Launin jima ne, kamar ba ta taɓa shiga tukunya ba."

"Ma'ana?" in ji Manaja.

"Ma'ana ƙarfe ya riga rini," na ce. "Da ɗigonsu suka shiga tukunya. Tun kafin su zama ja, tun kafin a ninke su, tun kafin Auta ya yi mafarkin farko a kango. Kurarsa ba ta da hannu a ciki."

"To a ina suka samu ƙarfe? A gidan nan?"

Na sauke turmin, na yaye buhunan. A kan tsohon teburin, kawunan sababbin ƙusoshi ne a jere layi-layi, laima ta fara sa musu tsatsa.

Baba ya ce a kama shi ya tashi. Ya zo ya ɗora tafinsa a kan katakon ya shafa a hankali, yatsansa ya tsaya a kan ƙusa ta farko, ya wuce ta biyu, ya wuce ta uku. An dulmiya su sosai, sai mai nema zai ji su.

"Wa ya yi wannan?"

Wayar Manaja ta sauka daga kunnensa. "Baba, teburin ne ke girgiɗi. Na ga kana wahala. Ranar da ka je duba Gwaggo na kira kafinta ya ɗaure shi. Na so in ba ka mamaki ne."

"Ka ba ni," in ji Baba.

Wani a kan katanga ya tuntsire da dariya, aka ja shi ƙasa.

"Amma wa ya kai su kango?" in ji Manaja da ƙaramar murya. "Kuma Baba, ɗigo irin wannan a kan farar fata, ta yaya ka sa su a tukunya ba ka..."

Bai ƙarasa ba. Na buɗe baki zan yi jawabin da na shirya a kan ɓarawon da ke ninke fata fuska da fuska ya kuma tausaya mata daga sanyin ƙasa, Inna ta riga ni.

"Ni ce," ta ce. "A kaina na ɗauka, kafin gari ya gama wayewa. Bai gani ba ne. Ba ya gani."

Duk aka juyo wajenta, ta ci gaba.

"Tun bara hazo ke rufe masa ido. Ni ke ajiye masa komai a inda hannunsa zai samu. Da na zo shafa mai na ga ɗigon, shi kuma yana ta murna wai bai taɓa yin ja irin wannan ba. In mai kaya ta zo ta ware a gabansa fa? Kai kuma, Manaja, na san ka, sai ka ce Baba ya huta, ka ajiye shi a ɗaki da rediyo. Mutumin nan in an raba shi da tukunya, kwana nawa zai yi?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ce in ɓoye su in samu dabara. Ban san yaron nan yana kwana a wurin ba. Wallahi da motar ta zo, ni zan shiga."

"Shi ya sa har da nama," in ji Auta.

Baba bai ɗauke hannunsa daga tebur ba. "Na zaci ban bari kin gane ba," ya ce.

"Shekara nawa ina zuba maka shayi? Ka daina kallon kofi, sai dai ka saurara."

Tsohon majemi ya matso ya ɗaga fuskar Baba wajen haske, ya buɗe masa ido da yatsa ba tare da neman izini ba, irin na waɗanda suka yi ƙuruciya tare.

"Yanar ido ce," in ji shi. "Irin tawa. An cire min, na kwana ɗaya a asibiti, na fito na ga ashe matata ta tsufa. Wannan ne kuka tayar da unguwa a kansa?"

Na ji numfashi ya sauka a rumfar gaba ɗaya, har da nawa. Manaja ya zauna a kan turmi ya rufe fuska. Da ya buɗe, ya ce gobe da safe za su je a duba idon, kuma ba wanda ya yi maganar rediyo.

"Fatun fa?" in ji shi. "Matar nan tana hanya."

"Waɗanda suka tsira a ba ta," in ji Baba. "Sauran, tunda ƙarfe suka zaɓa, a ba su ƙarfe. In tsoma su a baƙi gaba ɗaya, ɗigon ya ɓace cikin 'yan'uwansa. Baƙi a kan ja yana da zurfin da baƙi kaɗai ba shi da shi. Ka gaya mata gaskiya, ka ce ni na ce ta zo ta taɓa. Wannan ko ido rufe zan yi shi."

"Haka ma za ka yi shi," in ji Inna.

Sai Baba ya juya wajen da yake jin numfashin Auta. "Ɗana, zo nan."

Auta ya matso ya durƙusa. Baba ya lalubi kansa ya dafa.

"An zalunce ka a gidana. Ka yafe mana."

Inna ma ta ce ya yafe. Manaja ya ce ya yafe, sai da uwarsa ta ce ba a ji ba ya sake faɗa da ƙarfi yadda na kan katanga za su ji. Auta ya ce ba komai, ya yi ta cewa ba komai yana share hanci, yayarsa ta zo ta kama shi tana kakkaɓe masa ƙurar bagaruwa daga riga tana zaginsa a kan barcin safe. Ta dube ni ta saman kansa. Ta sauke hannun da ta harɗe, ni kuma ba na neman abin da ya fi haka.

"Auta," in ji Baba, "gobe ka ɗauki teburin nan ka mayar wa kafintan. Ya zare ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya ya sa turakun itace. Ka tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi."

Auta ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Da tsakar rana zan kai shi, ta babban titi, Manaja na gaba yana riƙe da ƙafa ɗaya."